Yadda Za Ki Zurfafa Nazarin Littafi Mai Tsarki Kafin Ki Koyar a Zumuntar Mata

Tambaya ɗaya 'yan'uwa mata suke ta aiko mini, musamman idan makon mata ya gabato: "Mama, an sa sunana zan yi koyarwa a zumunta, ta ina zan fara?" Wata an ba ta kan magana, wata an ba ta nassi, wata kuwa shugaba ce mata kawai ta yi ta kawo abin da Ubangiji ya sa a zuciyarta. Ga yadda ake yin shirin, daga ranar da aka sanar da ke har ranar da za ki tsaya. Na tsara shi a kan mako 2. Idan kwana 5 gare ki, ki rage lokacin kowane mataki, amma kada ki sauya jerinsu: nassi ne farko, ra'ayin mutane daga baya. Zan yi ta misali da labarin gwauruwar nan mai ɗan mai a 2 Sarakuna 4:1-7, saboda haka ki buɗe wurin ki ajiye kusa da ke.

1. Fara da tambayar shugaba

Kafin ki ɗauki biro, ki kira shugabar zumunta ko magatakarda. Minti nawa aka ba ki? Taron mako-mako ne na mata 20, ko taron gunduma ne da za a cika majami'a? Za a ba da lokacin tambayoyi? Akwai mai fassara? Idan akwai, rabin lokacinki nata ne, sai ki rage abin da za ki faɗa tun daga gida. Ki kuma tambayi abin da aka koyar a makonnin baya, don kada ki maimaita.

Gargaɗi: idan an ba ki kan magana kamar "Mace mai dogara ga Allah", kada ki ce za ki tattaro duk ayoyin da suka ambaci dogara. Ki tambaya ko kwamiti ya haɗa shi da wani nassi. Sau da yawa akwai, mantawa aka yi ba a faɗa miki ba.

2. Tara kayan aiki

Ba su da yawa. Littafi Mai Tsarki na takarda, irin fassarar da ake karantawa a ikilisiyarku. Littafin rubutu sabo, wanda ba a rubuta lissafin cefane ko na adashe a ciki ba. Biro kala 2, ɗaya don abin da nassi ya faɗa, ɗaya don tunaninki. Wannan raba kalar zai cece ki daga babban kuskure, wato ki tsaya gaban mutane kina faɗin ra'ayinki kina tsammani aya ce.

Sai fassara ta biyu don gwadawa. Ba sai kin saya ba. Manhajar YouVersion kyauta ce, tana da Hausa, kuɗin data kawai za ki kashe ranar saukewa. Ki sauke fassarar a wayar gaba ɗaya don ta buɗe ko babu intanet. Idan kina iya Turanci ko kina da Sabon Alkawari a yarenku, su ma su shiga layi. Littafin sharhi shi ne mai tsada a cikin kayan, kuma ba dole ki mallake shi ba. Ki ara wurin pasto ko wani ɗalibin makarantar Littafi Mai Tsarki. Mai son saya, shagunan littattafan Kirista irin su Challenge a Jos da ACTS a Bukuru suna sayar da irinsu. Sauran kashe kuɗi shi ne hoton takarda idan za ki raba tambayoyi, da kuɗin mota idan an gayyace ki wani gari. Ki tambaya tun farko ko zumunta ce za ta biya, ba abin kunya ba ne.

Gargaɗi: sunayen littattafai sun bambanta tsakanin fassarori. Tsohuwar fassara ta 1932 tana cewa Misalai da Kubawar Shari'a, wadda ta biyo bayanta tana cewa Karin Magana da Maimaitawar Shari'a. Ki san wadda ke hannun matan, in ba haka ba za ki kira aya su yi ta juya shafi har ki gama.

3. Tsaya a kan nassi guda

Ki zaɓi wuri ɗaya mai farko da ƙarshe: labari guda, ko sakin layi guda na wasiƙa, ko zabura guda. Ayoyi guda 6 zuwa 15 sun isa. Labarin gwauruwarmu aya 7 ne kacal, kuma za ki ga ba za ki iya ƙare abin da ke cikinsa a minti 30 ba. Ki yi addu'a kafin ki tsayar da shi, kuma da zarar kin tsayar, ki daina neman wani.

4. Karanta shi har ya zauna miki

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Ki ba shi kwana 3 zuwa 4, kada ki taɓa sharhi, kada ki saurari wa'azin kowa a kansa a waya ko rediyo. Ki karanta da safe, ki karanta da dare, ki karanta da murya a sarari, domin kunne yana kama abin da ido ya wuce. Sa'an nan ki kwafe shi da hannunki a littafin rubutu, kina barin layi 2 tsakanin aya da aya. Bayan haka ki rufe littafin ki ba wa wani labarin da ka, ko da 'yarki ce, ki sake buɗewa ki ga abin da kika bari da abin da kika ƙara.

Yanzu ki yi wa nassin tambayoyi, ki rubuta amsar da ke cikinsa kaɗai. Wa ke magana? Da wa? Me ya faru da farko, me ya biyo? Me aka maimaita? Me ba a faɗa ba? Ga irin abin da za ki samu a 2 Sarakuna 4.

A aya 1, matar ba ta ce mijinta ya yi sakaci ba. Ta ce wa Elisha shi kansa ya san mijin mai tsoron Ubangiji ne, kuma Elisha bai musa ba. Ke nan mutum mai tsoron Allah, ɗan ƙungiyar annabawa, ya mutu ya bar bashi. Ki ja layi a ƙarƙashin wannan da kyau. Akwai matan da ke zaune a zumunta shekara da shekaru suna ɗauke da tunanin cewa talaucin gidansu hukunci ne, kuma wannan aya tana da magana da su.

A aya 2, Elisha ya tambaye ta abin da take da shi a gida. Amsarta ta fara da "ba kome", sa'an nan ta tuna da ɗan man. A aya 3 an aike ta wurin maƙwabta aron tukwane, aka ce kada ta aro kaɗan. Ki tsaya ki yi tunani: macen da gari ya san ana binta bashi, ita ce za ta bi gida gida tana sallama tana neman aro. A aya 4 an ce ta rufe ƙofa, ita da 'ya'yanta. Elisha ma ba ya cikin ɗakin lokacin da man yake zuba. 'Ya'yan da aka zo a kwashe, su ne masu miƙo mata tukwanen. A aya 6 man ya tsaya sa'ad da tukwane suka ƙare. A aya 7 ba ta yi gaban kanta ba, ta koma ta faɗa wa mutumin Allah, shi kuma ya ce ta sayar, ta biya bashin tukuna, sa'an nan ita da 'ya'yanta su ci abin da ya rage.

Duk wannan daga karatu kawai ya fito. Ba a buɗe wani littafi ba.

Gargaɗi: ki rubuta abin da nassin bai faɗa ba, don kada ki cike gurbin da bakinki. Bai faɗi sunan matar ba, bai faɗi yawan bashin ba, bai faɗi yawan tukwanen ba. Bai kuma tsawata mata cewa da ta aro da yawa da ta sami fiye ba. Ana yawan wa'azin haka, amma aya 7 ta nuna abin da ta samu ya biya bashi har ya rage na ci.

5. Duba abin da ke gaba da abin da ke baya

Ki karanta surar da ta gabata da sauran surar da kike ciki. Kwana 1 ya isa, amma ribarsa tana da yawa. Sura 3 labarin sarakuna ne da yaƙi da Mowab, kuma ta ƙare da sarkin Mowab yana miƙa ɗan farinsa hadaya a kan garu (3:27). Da an juya shafi sai ga Allah yana ceton 'ya'ya 2 na wata matar da ko sunanta ba a rubuta ba. Sauran sura 4 kuma duk biyan bukatar mutane ne: matar Shunem da ɗanta, tukunyar miyan da guba ta shiga lokacin yunwa, da gurasa 20 da ta ciyar da mutum 100. Yanzu kin san labarinki ba shi kaɗai yake tsaye ba. Marubucin yana nuna wane ne Allah mai rai a zamanin da gidan sarauta ya juya masa baya.

Ki nemi zamanin kuma. Wannan ya faru a mulkin arewa na Isra'ila, fiye da shekara 800 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da ɗan Ahab yake sarauta a Samariya, Yezebel kuma tana da rai. Bayin Allah ba su da gata a fada. Man da ake magana na zaitun ne, abin girki da fitila da shafawa, haja ce da ba ta kwantai a kasuwa.

Gargaɗi: ayoyin da muka fi haddacewa su ne muka fi cirewa daga mazauninsu. Filibiyawa 4:13 tana biye da aya 11 da 12, inda Bulus, yana ɗaure, yake maganar yadda ya koyi zama da ƙoshi da yunwa. Irmiya 29:11 wasiƙa ce ga waɗanda aka kai bauta Babila, kuma aya 10 ta ce sai sun yi shekara 70. Afisawa 5:22 tana tsakanin aya 21 da aya 25. Duk ayar da za ki jawo, ki karanta 5 a gabanta da 5 a bayanta.

6. Bari nassi ya bayyana nassi

Yanzu ki ɗauki tambayoyin da suka rage miki ki nemi amsarsu a wasu wurare. Yawancin Littattafai Masu Tsarki suna da ƙananan ayoyi a gefe ko a ƙasan shafi, su ne jagorarki. Shin mai bin bashi yana da ikon kwashe yara? Littafin Firistoci 25:39-41 ya yarda talaka ya yi aiki saboda bashi, amma ya hana a mai da shi bawa. Fitowa 22:22-24 ta ja kunne sosai a kan cutar gwauruwa da maraya. Maimaitawar Shari'a 24:17 ta hana karɓar tufar gwauruwa jingina. Nehemiya 5:1-5 ya nuna wannan masifa ta sake faruwa bayan ɗaruruwan shekaru. Sai ki gwada da gwauruwar Zarefat a 1 Sarakuna 17:8-16, wadda Yesu ya ambata a Luka 4:25-26, ki rubuta inda suka yi kama da inda suka rabu.

Daga nan ki tsallaka Sabon Alkawari ki ga yadda ikilisiya ta ɗauki zancen: Ayyukan Manzanni 6:1-6, inda aka zaɓi mutum 7 saboda an yi sakaci da wasu gwauraye wajen rabon abinci, da 1 Timoti 5:3-16, da Yakubu 1:27.

Gargaɗi: za ki tara ayoyi 15 ko fiye. Na nazarinki ne, ba na taro ba. Ki zaɓi 2 ko 3 kawai ki kai. Koyarwar da ake buɗe wuri 12 a cikinta, ba wanda yake tuna ko ɗaya.

7. Sai yanzu sharhi, sai yanzu pasto

A mako na biyu ki buɗe littafin sharhi. Da yake kin riga kin yi naki aikin, za ki iya auna abin da marubucin ya ce maimakon ki haɗiye shi ɗanye. Idan ya kawo abin da ba ki gani ba, ki koma ayar ki tabbatar yana nan. Misali, za ki iya cin karo da cewa mijin matar nan Obadiya ne, wanda ya ɓoye annabawa 100 a kogo a 1 Sarakuna 18. Tsohon zance ne na malaman Yahudawa, amma nassin bai faɗa ba. Idan za ki ambata, ki ce "wasu suna gani", kada ki ce "Littafi ya ce".

Ki kai wa pasto ko matar pasto abin da kika samu, ki nemi minti 15 kawai. Ba don su rubuta miki ba, don su gaya miki idan kin kauce ko kin taɓa abin da ikilisiyarku take da matsayi a kai.

Gargaɗi: kada ki kwafe wa'azin wani daga Facebook ko WhatsApp ki karanta kamar naki. Rashin gaskiya ne, kuma tambaya ɗaya daga wata tsohuwa a bencin gaba za ta nuna ba ki shiga nassin ba.

8. Matse shi ya zama magana ɗaya

Ki rubuta a layi 2 abin da nassin yake cewa game da Allah, ba game da ke ba. Na gwauruwarmu zai iya zama: "Allah yana jin kukan wadda ba ta da mai tsaya mata, yana kuma biyan bukatarta ta wurin ɗan abin da ke hannunta da taimakon maƙwabta." Idan kin kasa rubutawa a layi 2, ba ki gama mataki na 4 ba, ki koma. Duk abin da kika tara wanda bai taimaki wannan maganar ba, ki ajiye shi don wani lokaci, ko da ya yi miki daɗi.

9. Tuna fuskokin da za su zauna a gabanki

Ki rufe ido ki bi layin bencin ɗaya bayan ɗaya. Akwai wadda ta rasa miji a rikici ko a hanyar gona, dangin miji kuma suka kwashe abin da ya bari. Akwai wadda ta ci adashe ta kasa zubi, tana sunkuyar da kai idan ma'aji ta miƙe. Akwai wadda Allah ya buɗa wa, ita ce ma take bin wasu bashi a shagonta. Akwai amarya, akwai wadda ta shekara 10 tana jiran haihuwa. Nassin yana da magana da kowacce, kuma ba iri ɗaya ba.

Ga mai bashi: kada ki ɓoye, ki faɗa wa wanda zai iya taimako, kuma idan Allah ya buɗa, biyan bashi ne farko. Ga mai bin bashi: Allah yana ganin yadda kike bi. Ga sauranmu: mu ne maƙwabtan da aka zo aron tukwane wurinsu. A ganina wannan ne wurin da ya kamata ki fi daɗewa, domin zumunta za ta iya yin wani abu a kai a makon nan. Su wane ne gwaurayen ikilisiyarku? Wa ya san ko an koro 'ya'yansu daga makaranta saboda kuɗi? Baikon da ake tarawa, nawa ne yake isa gare su idan an gwada da na anko da na girkin taro? Ki kawo shawara ɗaya da za a iya aikatawa, ki fara tattauna ta da shugaba don kada ta ji ta a bakinki karo na farko a gaban jama'a.

Kafin duk wannan, ki sa kanki a layin. Ezra 7:10 ya jera abin daidai: ya yi nazari, ya aikata, sa'an nan ya koyar. Idan akwai wadda take binki kuɗi kina kauce mata, ki je ki same ta kafin ranar.

Gargaɗi na farko: kada ki yi alkawarin da nassin bai yi ba. Labarin bai ce duk wadda ta yi addu'a bashinta zai biyu cikin mako guda ba, bai ce a sayi mai a shafa ba, kuma matar ba ta ba annabi ko sisi ba. Idan kin yi alkawari bai cika ba, bangaskiyar wata kika raunana.

Gargaɗi na biyu: kada ki yi misali da sirrin kowa, ko da kin ɓoye suna. A ikilisiyar da kowa ya san kowa, "wata 'yar'uwa" suna ne. Kada kuma ki mai da koyarwa habaici ga wadda kuka sami saɓani.

10. Rubuta, ki gwada da agogo

Shafi 2 sun isa. A sama maganar nan ɗaya, sai kashi 2 ko 3 masu bin jerin ayoyin, kowanne da lambar ayarsa, da misali ɗaya, da tambaya ɗaya. Ki rubuta jimlar farko da ta ƙarshe cikakku, sauran a taƙaice da manyan haruffa. Wadda ta rubuta kome da kome karatu take yi, kanta a ƙasa.

Ki yi Hausa mai sauƙi. A yawancin zumuntanmu na Filato, kudancin Kaduna, Gombe, Adamawa da Borno, Hausa yare na biyu ne ga mata da yawa, wasu kuma ba sa karatu. Saboda su, ki shirya ba da labarin da baki bayan an karanta shi, ki kuma zaɓi aya ɗaya gajeriya da za a maimaita tare har ta zauna, kamar Zabura 68:5. Sa'an nan ki tsaya a ɗaki ki yi koyarwar da murya, agogo a gabanki. Idan an ba ki minti 30, gwajin ya tsaya a 25, domin a taro kullum yakan ƙaru.

11. Ranar taro

Ki je da Littafin takarda, ki sa alama a wuraren da za ki buɗe. Waya tana iya mutuwa, ko kira ya shigo kina tsakiyar aya. Ki zaɓi mai karatu tun kafin a fara, ki nuna mata wurin ta duba sunayen da ke da wuya. Ki gaya wa masu waƙa nassin da wuri, sau da yawa suna da waƙar da ta dace da shi. Idan waƙoƙi da sanarwa sun cinye lokaci aka ce ki taƙaita, ki yar da misalai, ki riƙe nassin da maganarki ɗaya.

Idan an yi tambayar da ba ki da amsarta, ki ce za ki bincika ki kawo mako mai zuwa, ki rubuta ta a gabansu, ki kuma kawo ɗin. Idan wata ta tsaya bayan an tashi tana so ta gaya miki damuwarta, ki ja ta gefe ki saurara, kada ki kai maganar ko'ina sai da izininta. Da kin koma gida, ki rubuta kwanan wata a saman shafin, da tambayoyin da aka yi, da wurin da kika ga mata sun fi kasa kunne, da ayoyin mataki na 6 da ba ki yi amfani da su ba. 1 Timoti 5:3-16 kaɗai ta isa koyarwa ta gaba.